Na Tarar da Hajiya Tana Tsalle da Duwatsun Sikelina

Zuwa ga Malama Firdausi, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Malama, ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kada takardata ta jira layi, domin kwana goma sha tara kaɗai suka rage mini. Da hannuna nake rubuta ta, da ɗan bokon da na koya a makarantar yamma bayan na haura shekara hamsin, don ba irin maganar da zan ba wani ya rubuta mini ba ce. Na kuma canza sunayen mutanen gidana, saboda unguwarmu Briqueterie kowa ya san kowa.

Shekaruna sittin da takwas. A nan Yaoundé aka haife ni, mahaifina ne ya zo daga Zariya. Sana'ata fawa. Shekara arba'in na yi ina sayen shanu a karar Etoudi ina sayar da nama, har ido da baya suka ce in zauna. Kwana ashirin da ɗaya da suka wuce Allah ya ba ni jikata ta farko. 'Yata Fa'iza shekara tara ta yi a gidan miji ba haihuwa, wanta kuma yana Douala har yau bai yi aure ba, har na fara cire rai. Ranar da aka ce ta sauka lafiya an sami mace, na fito daga asibiti na shiga taksi, sai da direba ya tambaye ni sau uku ina za ni, ni kuwa labarin jaririya nake ba shi. Ranar suna da kaina na feɗe ragon, ban bar kowa ya taɓa wuƙar ba. Sunanta Madina, ni dai amaryata nake ce mata. Na faɗi wannan ne don ki san ba mai ƙorafi ba ne ya rubuto miki. A rayuwata ban taɓa yin farin ciki irin na watan nan ba, kuma ban taɓa jin tsoro irinsa ba.

Laifin daga bakina ya fara. Da cikin Fa'iza ya kai wata bakwai, dangin mijinta Musaddiq suka zo daga unguwar Tsinga a yi maganar dawo da ita gida goyon ciki, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Gwaggonsa Jiddah ta tambaya wa zai yi mata wankan jego ya kuma riƙa wanke jariri, tunda ta ji uwar ba ta da lafiyar ƙafa. Gaskiya ne, matata Hajiya tana fama da gwiwa da hawan jini, wanda a nan muke ce wa tansiyon, kuma shekara biyu ke nan a kan kujera take salla. Maimakon in yi shiru, sai na ce cikin raha, ai wannan sai an miƙa mata hannu take tashi daga tabarma, in aka ba ta jariri sai a nemo mai riƙe su su biyun. Kowa ya yi dariya. Gwaggo Jiddah ta ce to shi ke nan, a gwada, in abin ya gagara ita tana nan, sai a mayar da mai jego Tsinga ta ƙarasa arba'in a hannunta. Hajiya ba ta ce komai ba, ta tattara kofunan shayi ta shiga ciki. Shekara arba'in da uku muna tare, amma ban gane irin shirun ba.

Bayan haka abubuwa suka fara faruwa ban haɗa su ba. Duwatsun sikelina na ƙarfe, waɗanda na yi shekaru ina auna nama da su na ajiye don tarihi, guda biyu masu kilo bibbiyu suka ɓace daga ƙarƙashin gado. Maƙwabcinmu Haman tela, wanda bango ɗaya ya raba mu, ya tare ni a ƙofar masallaci ya tambaya ko mun fara dakau ne a gidan, don kullum da hantsi sai ya ji ƙasa tana dukan ƙafarsa yana kan keken ɗinki. Na ce masa mata ne da shirin haihuwa. Sannan wata rana na ga Hajiya ta yi sallar azahar a tsaye, ta yi ruku'u, ta kai goshi ƙasa, ta tashi ba ta dafa komai ba. Na juya baya na share ido. Na ɗauka man shafawar da na sayo mata a kasuwar Mokolo ne ya yi aiki, na dinga yabonsa a majalisa har mutum uku suka je suka saya.

Ranar Talatar da ta wuce na fita majalisa da hantsi, hadari ya taso, na dawo ɗaukar lema. Fa'iza da jaririya suna barci bayan wankan safe. Na ji wannan dukan ƙasa daga ɗakin ajiya da ke can ƙuryar gida, na tura ƙofa.

Malama, na taɓa ganin bijimin sa ya tsinke igiya a kara ya yo kaina, ban kaɗu kamar yadda na kaɗu ranar nan ba. Hajiya ce, mace mai shekara sittin da ɗaya, wadda ko dariya ba ta yi da ƙarfi a gaban mutane, sanye da tsohon wandon ƙwallon ɗanmu a ƙarƙashin zani, ba takalmi, ta jingina waya a jikin buhun shinkafa. A cikin wayar wata yarinya ce da ba ta kai sa'ar Fa'iza ba, tana ƙirga da Faransanci tana cewa a ƙara sauri. Hajiya tana riƙe da duwatsun sikelina, ɗaya a kowane hannu. Ta tsuguna ta miƙe, ta cilla su sama da kanta, ta sake tsugunawa. Waya ta yi ƙara, ta tsaya tana haki kaɗan. Ta sake yin ƙara, sai ga Hajiya tana tsalle tana ware ƙafafu tana haɗewa. Daga nan ta ajiye ƙarafan ta faɗi ƙasa a kan tafin hannu, ta zabura ta yi sama, ta sake faɗuwa. Daga baya na gane tsarin, sakan arba'in ana yi ba tsayawa, sakan ashirin a huta, a sake, har kusan minti ashirin. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ita kuma ba ta gan ni ba, idonta yana kan waya.

A zagaye na gaba ta ɗaga ƙarafan sama, sai na ga ta yi tangaɗi. Ɗaya ya kuɓuce ya faɗi ya fasa siminti, tsakaninsa da yatsun ƙafarta bai kai taki ɗaya ba. Ta dafa bango ta sulale ta zauna. Na riƙe ta, jikinta sharkaf da gumi mai sanyi, leɓenta ya yi fari. Ta ɗauki lokaci kafin ta gane ni ne. Da ta dawo daidai na matsa mata da tambaya, ta ce duhu ne ya rufe mata ido, kuma wani abu ya danne mata ƙirji kamar an ɗora dutse. Ta ce wannan ne karo na uku. Ƙawarta Karimatu mai sayar da atamfa a Mokolo ce ta turo mata bidiyon, wai da shi 'yarta ta rage ƙiba, kuma wata uku ke nan tana yi kullum banda Juma'a. Ita kuwa Fa'iza, Hajiya ta ce mata yajin jego take dakawa. Abin da ya ƙarasa kashe mini jiki shi ne ta daina shan ƙwayoyin tansiyon tun wata biyu, wai suna sa ta kasala, kuma a ganinta gumin da take yi ya isa ya fitar da ciwon.

Na ce ta tashi mu tafi asibiti yanzu. Ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Malam, in ka faɗa wa Fa'iza, gobe za su kwashe yarinyar nan su kai Tsinga. Kai ka ce a gaban mutane ba zan iya ba. To na iya." Ban taɓa jin ta yi mini magana da wannan murya ba. Ta ce in yi mata alkawari ba zan gaya wa kowa ba sai an yi arba'in, kuma asibiti ma sai bayan nan, don in muka fita tare Fa'iza za ta tambaya. Kunya da tsoro suka haɗu mini, na yi alkawarin.

Ga inda kaina ya kulle. Ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya yi mata amfani. Ita take sauke tukunyar ruwan wanka daga murhu. Ita take yi wa Fa'iza wankan ganye safe da yamma, ta dama kunun kanwa, ta wanke jaririya ta gasa mata cibiya. Gwaggo Jiddah ta zo dubiya sau biyu, ta zauna ta kalla, ba ta ga abin kushewa ba. Fuskar Hajiya ta yi haske irin wanda na manta da shi. Amma tun ranar Talata, duk safiya in ta ɗaga Madina tsirara da santsin sabulu a kan baho, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon hannunta, ina tuna yadda ƙarfen nan ya kuɓuce. Fa'iza har tsokanata take yi, wai Baba ya kasa nisa da amaryarsa, majalisa ma an daina zuwa. Sai in yi dariya kawai.

Na ɓoye duwatsun a shagon Haman. Washegari na tarar ta cika jarkokin mai guda biyu da ruwa tana ɗagawa. Na ce ko tsallen ta bari, ta ce ai yanzu ne ma za ta ƙara, domin ranar yawon arba'in ita za ta goya Madina a bayanta, ta bi dangi gida gida da ƙafa, ta hau tudun nan har ƙofar Gwaggo Jiddah a Tsinga, kowa ya gani. Kin san hanyoyin unguwarmu, hawa da gangara ne da kwatoci, ga damina.

To Malama, in na yi shiru wani abu ya sami jikata ko matata, da wane ido zan kalli Fa'iza? In na yi magana kuma aka ɗauke yarinyar, na kunyata Hajiya karo na biyu a gaban mutanen nan, kuma ban san ko za ta yafe mini ba. Shin in kira Musaddiq a ɓoye? In ƙwace wayar? Kuma wannan tsalle-tsalle, ya dace da mace mai jika, ko ni ne na tsufa ban san zamani ba? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Naki,
Sabon kaka, Briqueterie.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Barka da samun Madina, Allah ya raya ta ya albarkace ta, ya ƙara wa mai jego lafiya. Na tsallake takardu da yawa na ɗauko taka, don haka kai ma kada ka jira.

Zan fara da abin da ba ya jiran arba'in. Macen da ke da hawan jini, ta bar magani wata biyu, sannan duhu ya rufe mata ido kuma ƙirjinta ya danne har sau uku a lokacin motsa jiki, likita ya kamata ya gan ta yau, ba bayan kwana goma sha tara ba. Ni ba likita ba ce, kuma ba zan ce maka ga ciwon da ke damunta ba. Amma waɗannan alamu ne da ba a ajiye su. A auna jininta, a duba zuciyarta, kuma a faɗa wa likitan komai, har da barin ƙwayoyin da irin motsa jikin da take yi. Kada ta koma shan tsofaffin ƙwayoyin da kanta, likita ne zai ce wanne kuma nawa, kuma in suna sa ta kasala ana iya canza mata wasu. Gumi ba ya maye gurbin magani. Kafin a gan ta, ba tsalle, ba ɗaga ƙarfe ko jarka, ba sauke tukunyar ruwan zafi. Idan nauyin ƙirjin ya dawo, ko numfashi ya yi mata wuya, ko hannu ya mutu, ko baki ya karkace, ku nufi asibiti nan take, ba sai an yi shawara da kowa ba.

Ka tambaya ko abin ya dace da mai jika. Babu abin kunya a wurin macen da ta rufe ƙofar ɗakinta ta nemi ƙarfin jikinta, har ta dawo tana kai goshi ƙasa bayan shekara biyu a kujera. Wannan abin a yaba mata ne, kuma ka yaba mata da bakinka. Kuskuren yana wurin zaɓin. Irin wannan motsa jiki, na a yi da iyakar ƙarfi a ɗan huta a sake, an tsara shi ne don ya kai bugun zuciya kusa da ƙarshensa. Yana da amfani ga wanda aka duba aka ce zuciyarsa za ta ɗauka, kuma ana shigarsa ne a hankali. Yarinyar cikin waya ba ta san shekarun Hajiya ba, ba ta san gwiwarta ba, ba ta ganin lokacin da leɓenta ya yi fari. Ɗaga nauyi sama da kai, musamman in mutum yana riƙe numfashi, yana iya ƙara hawan jini a lokacin, tsalle a kan siminti ba takalmi kuma gwiwa ce ke biyansa. Mai yiwuwa ma tsugunawa da miƙewa da ɗaga nauyi kaɗan ne suka dawo mata da ƙarfi, ba tsallen ba. Saboda haka kada ka ƙwace waya, kada ka ce ta bari har abada. Ku tambayi likita abin da za ta ci gaba da shi, da wane nauyi, kwana nawa a mako. Idan ta san ba raba ta da abin za a yi ba, za ta fi saurin yarda ta bi ka.

Sai alkawari. Na fahimci halin da ka yi shi, amma alkawarin da cika shi zai bar jaririya a hannun da zai iya saki, ba a cika shi a haka. In ka haɗa da rantsuwa, ka tambayi malaminku abin da ya hau kanka. Sai dai akwai hanyar warware shi da ba cin amana ba. Kada ka kira Musaddiq a ɓoye. In ka yi haka, ka sake yin maganarta da surukai, wannan karo ma a bayan idonta, kuma wannan ne ciwon tun farko. Ka zaunar da ita ku biyu, ka fara da ba ta haƙuri a kan abin da ka faɗa ranar nan, ba tare da ka ce wasa kake yi ba. Ta san wasa ne, kuma ya yi mata zafi duk da haka. Sannan ka ce mata ba za ka iya riƙe alkawarin ba, ka faɗi dalili, ka ba ta zaɓi ta gaya wa Fa'iza da bakinta a yau, kana zaune a gefenta. In ta ƙi, ka sanar da ita cewa kai za ka faɗa, sannan ka faɗa. Fa'iza uwa ce yanzu, haƙƙinta ne ta san hannun da ke wanke 'yarta.

Ba zan yi maka alkawarin Hajiya ba za ta yi fushi ba. Za ta iya yin kwanaki ba ta kula ka. Ka ɗauka. Amma tsoron da take ji na a kwashe yarinya ba lallai ya tabbata ba. Macen da ta jira shekara tara ba ta cika son barin ɗakin uwarta a tsakiyar jego ba, musamman in ta ji abin da uwar ta yi wata uku a ɗakin ajiya saboda ita. Abin da ake bukata gyara ne. A sa baho a ƙasa, Hajiya ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, Fa'iza tana kusa hannunta a shirye, wani kuma ya ɗauki ruwan zafi. Kai da ka daina zuwa majalisa, ga aiki ka samu. In dangin Musaddiq sun ji labari, kai za ka riga kowa magana, ka faɗa a gaban Gwaggo Jiddah cewa ka yi kuskure ranar nan, kuma mako uku Hajiya ta riƙe mai jego da jaririya ba wanda ya kama mata. A gabansu ka rage ta, a gabansu za ka mayar mata.

Goyon ranar arba'in kuwa, ku bar wa likita hukunci. In ya ce a'a ga hawan tudu, akwai taksi, ta sauka a ƙofar gida ta goya jikarta ta shiga da sallama. Ba wanda zai tambaya da ƙafa ta zo ko da mota.

In ta ce maka ka jira kwana goma sha tara kawai, ka gaya mata Madina ba kakar kwana arba'in take bukata ba. Tana bukatar wadda za a kai ta wurinta yaye, wadda za ta yi mata kitson sallah, wadda za ta gudu wurinta in uwarta ta ɗauko bulala. Ka ajiye jaridar nan, Baba, ka je ka same ta.

Allah ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyarta a kanka, ya bar ku tare ku ga girman Madina.

Malama Firdausi